Gudun da Kawu Teng Ya Ƙara

A cikin bidiyon, amarya na cikin miƙa wa surukarta kofin shayi sai fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, fanka ta yi gurnani, hoton ya ɓace.

"Kun gani ko?" in ji Anti Liao mai haɗa bidiyon biki, ta buga tafin hannunta a teburin gyara. "Haka take yi mini tun da na saye ta a shagon nan. Wata rana ta wuni lafiya, wata rana sau uku kafin abincin rana. Ƙarfe biyar dangin ango za su zo karɓar bidiyon. Tebur talatin za a haska wa shi!"

Kawu Teng, mai shagon, bai ko kalli cikin kwamfutar ba. Ya ɗauki koriyar ledar cincin ɗin kwakwa da ke kanta, irin wadda duk masu gyara a wannan kasuwa ta Taipei suke ɗora wa na'ura don ta yi ladabi, ya juya bayanta.

"Ga matsalar. Wa'adinta ya wuce tun watan jiya. Ina na'ura za ta ji magana?"

Yun-ju, 'yar ƙanwarsa, ta ɗago kai. Shekara biyu tana zama a wannan tebur, ba ta taɓa musa masa a gaban mai kaya ba.

"Kawu, memori ne."

"Me kika ce?"

"Memorin da kwamfutar ke riƙe aiki a cikinsa, wanda ka ƙara wa gudu. Kamfani ya ce dubu huɗu da ɗari takwas, kai ka kai shi dubu shida da ɗari huɗu. Da safe na sa manhajar gwaji, jan layi tara na kuskure ya fito." Ta juya ga Anti Liao. "In an ƙure masa gudu ba ya mutuwa gaba ɗaya, Anti. Sai ya riƙe abu miliyan daidai ya manta guda. In wanda ya manta ba shi da amfani, shiru kike ji. In ya faɗa wuri mai muhimmanci, sai ki ga shuɗi. Shi ya sa ba ta da lokaci."

Tsoho Pan mai sayar da wayoyi a shagon gefe ya leƙo, tsinken cin abinci a hannunsa. "Teng, yau ɗaliba za ta yi maka ritaya ke nan?"

"Ci shinkafarka, kai!" Kawu ya nuna takardar da ke manne a jikin kwamfutar, mai sunan shagon da lambar gudun da manyan baƙaƙe. "Saboda lambar nan mutane ke hawowa bene na uku suna nemana. Shekara ashirin ina wannan aiki, tun kina rarrafe. Ke dai kin karanta a littafi."

"Na karanta, kuma na gwada."

"In kika taɓa mini saitina, ki cire rigar shagon nan ki koma gida. Ni zan gaya wa uwarki dalili."

Anti Liao ta kalli agogo, ta kalli su biyun. "Ni fa ba ruwana da rigimarku ta gida. Wanda zai fitar mini da bidiyo ya fitar."

Yun-ju ta goge tafin hannunta a jikin wando. Ta kunna kwamfutar, ta shiga saitin ciki. Ta nemo lambar Kawu ta goge, ta mayar da ta kamfani, ta sake kunnawa. Ta buɗe bidiyon ta sa shi ya fara haɗuwa daga farko.

Kawu ya miƙe. Ya fita, ya sauka ƙasa. Bayan minti goma ya dawo da sabuwar koriyar leda, ya duba wa'adinta da kyau, ya ɗora a kan kwamfutar, ya shafa ta kamar kan jariri.

Suka zauna jira. Abincin Yun-ju ya huce a kwalinsa. A bidiyon, amarya ta miƙa shayi, surukar ta karɓa ta sha, ta saka mata awarwaron zinare. Aka wuce wurin da kwamfutar ta mutu ɗazu. Aikin ya kai kashi sittin, ya kai kashi tamanin. Ƙarfe huɗu saura kwata aikin ya kammala.

"Ka gani, Pan?" Kawu ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Sabuwar leda! Nan take ta nutsu."

"Leda ce ko yarinya, na gode," in ji Anti Liao. Ta rungumi kwamfutar tana tokare ledar da haɓarta kada ta faɗi, ta nufi lif da sauri.

Da ta tafi, Kawu ya zuba wa kansa shayi.

"Ko da lambata tana iya kwana biyu ba ta mutu ba," ya ce. "Ba ki nuna komai ba."

"Haka ne, Kawu."

"To, rigar."

Yun-ju ta miƙe. Hannunta ya kai kan maɓallin wuya, ya tsaya. A kantar baya akwai sababbin kwamfutoci goma sha ɗaya da za a kai wata makarantar koyon zane ranar Litinin, kowacce da takardar Kawu a jikinta. Ta sauke hannun, ta wuce ta gabansa, ta ɗauko ta farko da kyar ta dire a teburin, ta jona mata wuta.

"Me kike yi kuma?"

"Gwaji. Kowacce awa huɗu take ci." Ta jawo kujera ta zauna. "In ka kira Mama, ka ce kada ta jira ni cin abinci."