Rantsuwar Nazmi Mai Shinkafa

Tururi ya rufe gilashin amalankena har ba a ganin tudun shinkafar da ke ciki, ruwan sama kuma yana ta tsiyaya tun asuba kamar ba shi da niyyar ɗaukewa. Jiragen ruwa suna ta sauke mutane a tashar Uskudar ta birnin Istanbul, kowa sai ya sunkuya ƙarƙashin lemarsa ya wuce. Hantsi ya yi, ya gota, babu wanda ya tsaya.

Ni ne Nazmi mai shinkafa da wake da kaza. Ban taɓa zama a aji ba, amma tambayi duk matafiyin da ya sauka a tashar nan da aljihu marar nauyi, zai gaya maka wanda ya riƙe masa ciki. Girgizar ƙasa a nan ta same ni. Sojoji sun yi juyin mulki ina zuba wa mutane shinkafa. An sha ƙwace min amalanke, ina haɗa wani da hannuna.

Sai dai bakina ya ja min. 'Yata Zeliha ta daɗe tana matsa min in ajiye sana'a in koma gidanta a Bursa, in zauna gaban talabijin da bargo a gwiwa. Ranar Sallah, a gaban jama'a, na rantse mata cewa duk ranar da aka kira azahar ban yi siftah ba, wato ban buɗe kasuwa ba, ranar zan tura amalanken gida in bi ta. Na faɗa ne don na san ba za a taɓa ganin ranar ba. Ni kuwa ba na karya rantsuwa.

Cikin waɗanda suka ji har da Dursun mai simit, wanda ke girka tirensa na zoben burodi mai riɗi daura da ni. Mun tsufa muna zagin juna.

"Tsoho," ya ƙwala min kira daga ƙarƙashin ledarsa, "in yanko maka tikitin Bursa ne? An ce kujerar gefen taga ta fi daɗi."

"Yanko wa kanka, mai busasshen burodi. Ko tsuntsayen teku sai sun jiƙa shi suke iya haɗiyewa."

"Su dai suna ci. Taka fa? Ko kuliyar tashar nan ta shinshina ta wuce."

Na yi dariya don kada ya ji daɗi, amma idona yana kan hasumiyar masallaci. Na ga ladan ya tsallaka titi yana karkaɗe ruwa daga hularsa.

A lokacin ne wata matafiyiya ta fito daga jirgi, da ƙatuwar jaka a baya, takalminta ya sha hanya. Ta dubi shagunan cin abinci masu kujeru, ta kau da kai. Na gyara tsayuwa, na share gilashi da hannun riga. Sai ta nufi wajen Dursun.

"Baba," ta ce da shi da gurɓataccen yarenmu irin na baƙi, "me ya fi araha, ya kai ni dare?"

Duk Istanbul babu abin da ya kai simit araha, wannan ko jariri ya sani. Dursun ya dube ta, ya dubi tirensa, ya sosa ƙeya.

"Ni na yi siftah tun safe, 'yata. Maƙwabcina bai yi ba. Je wajen wancan tsohon mai fuskar shanu. Halinsa ba kyau, amma shinkafarsa za ta kai ki gobe."

Haka iyayen gidanmu suke yi a da: wanda ya buɗe kasuwa sai ya tura mai saye na gaba wajen maƙwabcin da bai buɗe ba. Na ɗauka al'adar ta bi su kabari.

Na cika mata faranti har yana zuba, na ɗora tsokar ƙirji, na ƙara barkonon tsami. Ta ci a tsaye, ruwa na ɗiga daga gashinta, ta lumshe ido. Wa zai ci shinkafata bai lumshe ido ba? Kuɗin da ta miƙo na shafa a gemu kamar yadda ake yi wa cinikin farko, ban gama sauke hannu ba aka ɗaga kiran salla.

Ko da Dursun bai yi magana ba, ƙamshi zai jawo ta, wannan ba na shakka. Abu ɗaya ne dai ya tsaya min a rai. Tun asuba idona yake kan mutumin nan, ban ga sa'ad da ya kai hannu gemunsa ba. Tulin simit ɗinsa kuma yana nan yadda ya jera shi, har na can ƙoli.

Bayan salla wani magidanci ya tsaya gabana da akwati a hannu.

"Kawu, zuba min faranti ɗaya."

"Ba ta gama turara ba," na ce, na mayar da murfi. "Je ka fara da simit wajen wancan. Ka riƙe haƙoranka da kyau."