Mita Ashirin

Ɗalibai suna kiran malamin fiziks Sifiri, don abin da hannunsa ya fi iya rubutawa ke nan a takardar mutum. Mugu ne, kuma ba ya ɓoyewa. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya kasa lissafi a gaban allo sau uku, ya tattara ya bar ajin kimiyya. 'Yar wani magini a ajin tana da biyu, alhali ba kasawa ta yi ba. Makon da babanta ya faɗo daga bene ya rasu, Sifiri ya kira sunanta sau biyu, ya ji shiru, ya rubuta abinsa.

Laifinta? Ta taɓa gyara masa lissafi a gaban aji, aka yi dariya. Shi ke nan fa, ya ƙullace ta.

Ranar da ta dawo ya miƙa mata alli, ya karanto tambaya a hankali kamar mai lasar zuma:

"Wani magini mai nauyin kilo saba'in ya zame daga hawa na shida, mita ashirin daga ƙasa. Da wane gudu ya isa ƙasa? A manta da iska."

Ta san in ta ajiye allin nan ta cika uku. Babanta kuwa ba shi da buri sai ta zama injiniya, mai tsayawa a ƙasa da farar hular kwano tana nuna wa wasu inda za su hau.

Ta rubuta cewa ƙarfin da tsayi ya tara masa a sama shi ne ya koma gudu a ƙasa. Ta sa saba'in, sai ta goge.

"Malam, hamsin da takwas ne. Ya rame. Ni na raka shi asibiti aka auna shi."

"To madalla, sa hamsin da takwas ɗin," in ji Sifiri, har da murmushi. "Ga shi a hagu, ga shi a dama. Me ake yi da su?"

"Sokewa."

"Soke mana!"

Ta ja layi a kan nauyin babanta, hagu da dama.

"Kun gani ko? Magini ne, buhun siminti ne, duk ɗaya. Nauyi ba ya shiga lissafi."

Ta rubuta mita ashirin a sakan guda. Daidai. Ta tsira, ko ɗigon hawaye Sifiri bai samu ba, abin kuwa ya ƙona masa rai.

"Kafin ki zauna, sakan nawa ya yi a iska?"

"Biyu," ta ce, tun kafin ta yi tunani.

Ta koma kujerarta. Mamanta ta rantse mata cewa abin kamar ƙiftawar ido ne, babanta bai ma san ya faɗo ba, kuma da wannan maganar take riƙe kanta tun ranar. Ta kalli jan tsinken agogon bango. Ɗaya. Biyu.

Wayyo, ashe ya sani.