Lambar da Ba Ta Goge Ba

Dogo ya shekara tara yana rubuta manhaja a kamfanin da ke haɗa na'urorin awon ruwa, kuma ba a cika ja da maganarsa ba. A teburin da ke kusa da taga ƙanwar matarsa take zama, ita ma injiniya ce.

Sabuwar manhajarsa ta zo da ciwon kai. Takan raba aikinta ƙanana-ƙanana, kowanne ana ce masa zare. Kanel, wato uwar manhajar da ke juya kwamfuta, takan ba kowane zare lamba a ajiye a wani gurbi. In zaren ya gama, sai ta goge lambar ta sa sifili, ta tashi wani zaren da ke jiransa. Amma a manhajar Dogo zare yakan gama, mai jira ya yi ta jira har na'urar ta sandare.

Ran Litinin ƙanwar ta leƙa allonsa.

"Yaya, ba kwafin lambar mai jiran naka yake kallo ba? Kanel ai gurbin asali kaɗai ta sani."

"Ƙwai zai koya wa kaza zama?" in ji shi. Ofis ya ɗauki dariya. Ta koma kujerarta.

Ya zauna ya rubuta wa masu kula da kanel doguwar wasiƙa a dandalin intanet da kowa ke karantawa, ya ce aikinsu na da ɓaraka. Har ya karanta wa manaja da ƙarfi.

Amsa ta zo ran Laraba da hantsi, layi biyu, cikin ladabi. Kanel lafiyarta ƙalau. Suka ce ya duba layi na tamanin da shida na manhajarsa, inda ya kwafe lambar zuwa wani gurbin.

Ya duba. Ya tarar haka ne. Gyaran bai kai minti ɗaya ba, amma ya shafe awa yana kallon allo don kada ya haɗa ido da kowa. Shayinsa ya huce. Manaja ya wuce ta bayansa sau biyu.

Da aka tashi ya tarar da ƙanwar matarsa a bakin ƙofa tana jiran mota.

"Kin gani?"

"Na gani, Yaya."

"Kin faɗa wa yayarki?"

"Me zan ce mata? Ita zaren ɗinki ta sani."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Ya ce ta shigo ya sauke ta.

Washegari a taron safe ya miƙe, da takarda a hannunsa. Ya ce kuskuren nasa ne, kuma an nuna masa tun Litinin ya ƙi ji. Ya nuna ƙanwar da hannu. Ta sunkuyar da kai tana juya biro. Manaja ya yi gyaran murya ya ce a wuce batu na gaba.