Wankin Galan a Gurbin Kifi

Kogin da ya bi ta ƙasan gonar su Auta ba ya ƙafewa duka da rani. Tsinkewa yake yi, ya bar gurabe nan da can, kuma mafi zurfinsu shi ne na ƙasan garken Baffa. A nan manyan kifaye ke taruwa, tarwaɗa da karfasa, ciki cike da ƙwai, suna jiran ruwan farko ya haɗa kogin su fita su zuba. Kawu, ƙanen mahaifiyar Auta, masunci ne tun tasowarsa, amma bai taɓa jefa raga a wannan gurbin ba. Yakan ce duk kifin da zai kama baɗi yana cikin waɗannan.

Auta ta dawo daga kwalejin aikin gona ta tarar ana yin abin da aka saba. Ranar feshin kaska, a jiƙe shanu sharkaf da magani, sannan a kora su gangare su sha ruwa, su tsunduma har ciki. Washegari ƙananan kifaye su taso saman ruwa, ciki a sama. Kowa ya gani, kowa ya wuce.

Ta sami Baffa, yayan mahaifinta, wanda ke riƙe da garken, yana gyara igiyar maraƙi a ƙofar rumfa.

"Baffa, maganin nan ba irin na da ba ne. Wannan ɗan kaɗan ya ishi gurbi guda."

"To, Likitar Kifi ta fara," in ji Yaya, babban ɗan Baffa, yana dariya. "Mun tura ki ki koyo kiwon shanu, kin dawo kina kiwon tarwaɗa."

"Yaya, ba da kai nake ba."

"Ai gara ki yi da ni. Ni ke ɗaukar famfon feshin a bayana."

Baffa bai ɗago ba. "Haka muka taso muka gani, Auta. Kogi ba ya riƙe datti."

"Da damina ba ya riƙewa. Yanzu ina zai kai shi? Ruwan a tsaye yake kamar na randa."

Wannan magana ta "haka muka gani" ita ce ke ƙona mata rai fiye da komai. An canza magani, shanu sun ninka, kogi ya ragu, amma hannun mutane yana nan a inda kakanni suka bar shi. Ba mugunta ba ce, ta sani. Rashin tsayawa ne a duba, kuma ɓarnarsa ba ta fi ta mugunta sauƙi ba.

Ba ta bar maganar ba. Ta yi ta da safe, ta yi ta bayan la'asar, har Inna, matar Baffa, ta ce ta fara jin warin kifi a cikin miya saboda yawan zancen. Ta nuna wa Baffa gindin wani galan da aka gama da shi, inda ɗan ragowar magani ya taru, mai kauri kamar mai.

"Wannan da kake gani ya fi wanda ke jikin shanu ƙarfi, don shi ba a sirka shi da ruwa ba. Ko hannu bai kamata ya taɓa shi ba."

Baffa ya daɗe yana kallon galan ɗin. A ƙarshe ya ce, "Shi ke nan. A yi yadda kike so, ko ma samu mu sha iska."

Aka yi kuwa. Auta da Yaya suka kafa shingen ƙaya a bakin gangaren, yana ƙorafi yana sara. Aka ja kwamin shayar da shanu zuwa sama kusa da rijiya, aka cika shi. Ranar feshi aka tsare shanu a fili mai nisa da kogi, suna kuka suna leƙen hanyar da suka saba, har jikinsu ya bushe. Ko saniya ɗaya ba ta taka ruwa ba. Auta ta tsaya kan Yaya sai da ya wanke famfon a cikin ramin da ta haƙa, ya rufe da ƙasa.

"Yanzu saura mu yi wa kifin barka da arziki," in ji shi.

Ta shiga gida da ciwon baya, amma zuciyarta wasai. Galan-galan ɗin da suka zama fanko ta jera su a bayan rumfa, da niyyar ta huda su gobe ta binne.

Abin da ba ta sani ba, don tana makaranta aka fara shi, shi ne Baffa yakan ba Kawu waɗannan galan duk shekara. Kawu yakan ɗaure murfinsu tam, ya liƙe da ƙaro, ya ɗaura su a jikin raga su riƙa ɗaga ta saman ruwa. Ba ya buɗe su, ba ya wanke su. Kyauta ce tsakanin surukai, babu wanda ya taɓa ɗaukarta abin faɗa.

Bana kuwa Baffa ya ji magana. Ya ce a ransa ba zai miƙa wa surukinsa dafi ya riƙa taɓawa da hannu ba. Da yamma ya tattara galan ɗin a igiya, ya ɗage ƙaya ɗaya daga shingen, ya gangara. Ya zauna bakin gurbin, ya cika kowanne da ruwa, ya girgiza, ya tuttular, ya sake, har sai da warin ya ragu.

Da hantsi washegari Kawu ya shigo gidan ba sallama. Wandonsa a jiƙe har gwiwa.

"Auta, ɗauko daro. Duk darukan gidan nan."

Daga saman gangaren ta hango gurbin ya yi fari. Karfasa sun rufe ruwan kamar an shanya tsumma. Tarwaɗa, da suka fi taurin rai, sun taru a gefe suna ɗago kai suna buɗe baki, wasu na juyawa a wuri guda. A kan yashi ga galan nan a jere, tsaf, an kife su su bushe.

Baffa ya iso daga baya. Ya dubi ruwan, ya dubi galan ɗin, ya tsaya cak.

"Mai-raga," ya ce da Kawu, murya ƙasa-ƙasa, "don kai na wanke su."

"Na gani, Babban Yaya," Kawu ya amsa wa Baffa.

"Ƙaddara ce," in ji Yaya.

Auta ta juyo kansa. "Kada ka ce haka! Hannu ne ya zuba. Kuma tun shekara nawa muke zubawa muna cewa ƙaddara?"

"Ke, da Baffa kike?"

"Da mu duka nake!"

"Ku bar surutu," in ji Kawu, yana shiga ruwan. "Masu rai nake so. A sa ruwan rijiya a daro, ba na nan ba."

Suka shiga aiki. Inna ta miƙo daruka, Yaya ya yi ta gudu tsakanin rijiya da gangare. Kawu na zaɓo masu sauran motsi, yana taɓa cikinsu da yatsa, yana miƙo wa Auta. Da yawa suna mutuwa kafin su kai daro. Maƙwabta suka fara taruwa da buhuna, wani ya ce ai in an banɗa su a wuta dafin zai fita. Baffa ne ya tare su, ya tsaya a bakin shingen da sandarsa.

"Ba wanda zai kai wa 'ya'yansa wannan. Ku ɗauko shebur mu binne su, in kuna son taimakawa."

Akwai wani ƙaramin gurbi can sama da gonar, inda ruwan wannan bai kai ba. Can suka nufa da abin da ya tsira, bai cika daro biyu ba. Kawu na gaba, Auta na biye da ɗaya a ka, ruwa na zubo mata a wuya. Da suka isa ya karɓa, ya durƙusa, ya karkata daron a hankali. Wasu suka sulale ƙasa nan take. Wata babbar tarwaɗa mai ciki ta kwanta a gefe guda, ba ta tafi ba. Kawu ya sa tafin hannu ƙarƙashinta, ya miƙar da ita, yana kaɗa ta gaba da baya.

"Kawu, waɗannan za su isa su cika kogin?"

"Bana dai a'a," ya ce. "Zan rataye raga. In Allah ya kawo ruwa da wuri, wannan ta zuba ƙwai, baɗi ma ga ƙanana."

Ya janye hannunsa. Tarwaɗar ta tsaya da kanta, gashin bakinta na motsi. Ba ta nutse ba, ba ta kuma kife ba. Suka zauna a kan yashi suna kallonta, daga ƙasa kuma ana jiyo ƙarar shebur.