Motar da Za Ta Ɗauki Baƙa

Shekara talatin da takwas Herminia Quiroga ta yi da mijinta Fermín a garin San Rafael, kuma ashirin daga cikinsu ta yi su ne tana jin zancen wata mota da ba su taɓa mallaka ba. Fermín makanikin manyan motoci ne, yana da gareji a bakin hanyar fita gari. Yana kuma da wani tsohon babur mai nauyin tsiya, baƙi wuluk, da yake kira Baƙa, wanda yake gogewa kowace Asabar ko an hau ko ba a hau ba. Burinsa shi ne ranar da ya ajiye sifana ya sayi motar kwana, irin mai gado da ɗan kicin a ciki, da wuri a baya inda za a shigar da babur a ɗaure. Sai su nausa kudu, su yi zango a bakin tafki, ya sauko da Baƙa, ya goya matarsa su bi hanyoyin duwatsu.

A watan Maris ya sayar da garejin. A watan Mayu, yana tsaye yana zuba ruwan zafi a ƙoƙon shayin ganyen da suke kira mate, butar ta suɓuce masa, ya bi ta ƙasa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bayan asibiti aka kai shi wani gidan jinya a gefen gari, domin Herminia ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba, kuma 'yarsu Mabel tana can Rosario da aikinta da 'ya'yanta.

Kullum da la'asar Herminia tana zuwa. Takan same shi a keken guragu an juya shi wajen taga, ta gyara masa bargo, ta ba shi labarin maƙwabta. Shi dai “uhm” ne amsarsa. Wata uku ana haka. Takan koma gida ta dafa abincin mutum biyu don hannunta bai saba da na mutum ɗaya ba, ta ci rabi a tsaye, ta rufe sauran.

Wata Laraba cikin Agusta, tana ɓare masa lemo, sai ta ji ya ce, da bakinsa da ya karkace, “Tsohuwa, kin fara dubawa?”

“Duba me?”

“Motar mana. Ko jira kike ta zo ta ƙwanƙwasa miki ƙofa?”

Ta dube shi, ta dubi hannun nan na hagu da ke kwance kan bargo. Likita ya riga ya gaya mata gaskiya tun Yuni. Ta buɗe baki, amma rabon da ya haɗa kalmomi goma a jere har ta manta, sai ta ce, “To ai ban san abin da ake dubawa ba.”

“Ɗauko biro.”

Ya sa ta rubuta: tsawon Baƙa mita biyu da ɗigo uku, faɗinta daga hannu zuwa hannu kusan mita ɗaya, nauyinta ya fi na buhun siminti biyar. Kuma duk motar da ta je gani, ta auna tsayin ƙofar baya. Ta duba ƙugiyoyin ɗauri a daɓen motar, ko an kafe su a jikin ƙarfe ne ko a katako kawai. Ta leƙa ƙarƙashi ta ga tsatsa. Ta shinshina katifa.

Motar farko a garin General Alvear take, tsohuwar bas ce da wani mutum da ake kira Don Osvaldo ya mayar gida. Herminia ta tuƙa ƙaramar motarsu ta je, da tef ɗin awo a jaka. Don Osvaldo ya ga mace mai furfura ita kaɗai, sai ya fara nuna mata labule da murhu.

“Doña, uwargida, dubi wurin ajiye tukwane. Maigidan zai zo ya ga injin daga baya, ko?”

“Buɗe min baya,” in ji ta.

Ta auna, ta durƙusa da ƙyar ta leƙa ƙarƙashi, ta ɗauki hotuna. A hanyar komawa ta tsaya a gidan mai ta sayi burodi da cuku, ta ci a cikin mota tana kallon manyan motoci na wucewa.

Fermín ya riƙe wayar da hannun dama yana jan hotunan da babban yatsa. “Wannan ai jirgin ƙasa ne. Dubi tsayin ƙofar daga ƙasa! Sai dai a samo ƙarti huɗu su ɗaga babur. Kuma ina za ki juya da ita a hanyar dutse? Shi mai ita ya sani, shi ya sa yake neman wawan da zai saya.”

Ya yi kusan awa guda yana zagin bas ɗin Don Osvaldo, har mai jinya ta leƙo ta ga wa ke hayaniya. Herminia ta fito daga gidan ranar tana jin kanta sakayau.

Ta biyu tirela ce da ake ja da a-kori-kura. Ya ce iskar kudu za ta ɗauke ta kamar kwali. Ta uku ƙugiyoyinta a katako suke. Ta huɗu katifar na warin kare. Kafin Satumba ya ƙare Herminia ta san abin da masu sayarwa ke ɓoyewa, ta san sabon fenti a ƙasan ƙofa na nufin tsatsa, har wani dillali ya tambaye ta ko ita ma sana'ar take yi. Ta san gidajen man lardin ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke ba da ruwan zafi kyauta. Wani lokaci a doguwar hanya takan ji kanta tana magana, tana nuna wa kujerar gefe wani abu, sai ta yi shiru ta kunna rediyo.

Ta bakwai a Malargüe take, tafiyar awa biyu da rabi. Farar mota ce madaidaiciya, mai ita wani tsohon malamin makaranta ne, Don Celestino, da zai koma wajen ɗansa a birni. Ƙofar baya a ƙasa-ƙasa take, da gadar ƙarfe mai naɗewa da babur ke hawa ta kai. A ciki ya kafa ɗan injin jan kaya mai igiyar waya.

“Kafaɗata ce ta lalace, shi ne na sa wannan,” ya ce. “Ki maƙala ƙugiya, ki danna nan, ke dai riƙe kan babur ɗin kawai. Ko ɗan tsako zai iya.”

Ta auna. Komai ya yi daidai, har da ragowar taƙi guda. Ƙarƙashi tsaf. Katifar ƙamshin sabulu take yi. Sai ta zagayo ƙofar gefe ta ga matakala biyu da ake hawa a shiga ɗakin, ta tsaya tana kallonsu har Don Celestino ya ce, “Lafiya, Doña?”

“Zan yi shawara,” ta ce.

Washegari ta miƙa wa Fermín wayar tana cewa, “Ita ma ba ta yi ba. Rufin na yoyo.”

Ya daɗe yana kallon hotunan. Ya buɗa hoton rufin, ya matso da shi kusa da ido.

“Herminia.” Rabon da ya kira sunanta tun kafin ciwon. “Shekara arba'in ina kallon rufin mota. Wannan bai taɓa shan ɗigon ruwa ba. Ƙarya ma ba ki iya ba, kunnenki ja yake yi.”

Ta sunkuyar da kai.

“Mene ne aibinta?”

“Matakala biyu ce,” ta ce a hankali. “Ba za ka iya hawa ba. Kuma Baƙa... Fermín, likita ya ce...”

“Likita! Sai likita ya gaya min? Da wane hannu ake kama kuloci? Kullum da safe suna ba ni ƙwallon roba in matsa, ƙwallon ma dariya yake min. Na sani tun kafin ke.”

“To don me kake ta aike na? Na zagaye lardin nan kaf kamar mai tallan magani.”

“Don ina son motar! Shekara ashirin ina faɗa a gareji, yaran aiki na yi min dariya a bayan ido. Ba zan mutu ban gan ta a ƙofar gidana ba. Ko ban hau ba, in dai san tawa ce.” Ya tsaya ya haɗiye yawu, numfashinsa na sama-sama. “Je ki sayo, tsohuwa, kafin wani ya riga mu.”

Ta sayo. Ba ta ji tsoron tuƙin ba, don a gareji ta sha matsar da tirela in yaran sun tafi cin abinci. Ta ajiye ta a ƙofar gida, ta buɗe baya, ta turo Baƙa daga rumfa da taimakon maƙwabcinsu, ta maƙala ƙugiya ta danna. Babur ɗin ya hau a hankali ya shige. Ta ɗaure shi ta kusurwa huɗu kamar yadda aka koya mata.

Likita ya yarda da fitar wuni ɗaya, a dawo kafin biyar. Ranar Lahadi masu jinya biyu suka ɗaga Fermín suka zaunar da shi a kujerar gaba. Ya sa ta bi ta ƙofar gidansu, ta tsaya, ta sauka ta ɗauke shi hoto ta taga. Daga nan suka wuce madatsar ruwan Valle Grande. Duk hanya yana gyara mata tuƙi.

“Sauya giya! Ba ki ji tana kuka ba?”

“In ka matsa min zan sauke ka a nan, ka jira bas.”

A bakin ruwan ta buɗe ƙofofi duka, ta soya nama a ɗan murhun, ta yayyanka masa ƙanana. Bai iya shiga ɗakin ba, sai ta juya madubi yadda zai hango gadon da ƙafar Baƙa ta baya. Ya ce naman ya yi gishiri, ya cinye. Ƙarfe biyar saura kwata ta mayar da shi.

Sau uku suka yi irin wannan fitar. A Disamba ciwon ya sake taɓa shi, ba da ƙarfi ba, amma maganar ta ragu, barci ya yi yawa, likita ya hana fita. Wata rana da ya ɗan farfaɗo ya kama hannun rigarta.

“Je ki kudu. Tafkin Aluminé. Ki gano min.”

“In bar ka da wa?”

“Ina zan je?”

Mabel ta zo hutu da yaranta a Janairu, ta ce za ta riƙa zuwa wajen baban. Herminia ta tafi. Kwana biyu tana tuƙi, ƙasa shimfiɗe ba itace, iska na bugun gefen motar, sannan duwatsu suka fara tasowa. Ta isa bakin tafkin da hantsi, ta sami wuri a zangon matafiya tsakanin iyalai masu tantuna da yara da karnuka. Ruwan shuɗi ne har yana sa ido ƙwalla. Ta ɗauki hotuna, ta dafa abinci, ta zauna a matakala ta ci.

A rana ta biyu ta sauko da Baƙa, don ta ga bai kamata a kawo ta har nan a bar ta a ɗaure ba. Wasu mata da miji masu babura da suka yi zango kusa suka matso suna kallo.

“Kai, Doña! Ke kike hawa wannan?” in ji mijin.

“Na maigidana ne. Ba shi da lafiya.”

“Yaushe rabon da a tayar da shi?”

“Tun Mayu.”

Mutumin ya kawo wayar haɗa batir daga babur ɗinsa, ya duba mai, ya yi ta fama. A karo na biyar injin ya kama, ya yi tari, ya saki hayaƙi, sannan ya daidaita da wani gurnani mai kauri da ya sa yaran zangon suka juyo. Herminia ta laluba wayarta da sauri ta kira Mabel.

“Kina wajensa? Sa masa a kunne, maza!”

“Mama, barci yake. Tun safe bai farka sosai ba. In tashe shi?”

“A'a, bar shi. In ya tashi ki ce masa Baƙa ta tashi, bugu biyar.”

Ta kashe wayar. Mutumin ya tambaya ko ya zagaya da ita bakin tafkin, ta yi godiya ta ce a'a. Suka koma wajen tantinsu. Ita kuwa ta tsaya riƙe da hannun babur ɗin, yana karkarwa a tafinta, har injin ya yi zafi. Sannan ta murɗa makulli, ta jira ya huce, ta shigar da shi ta ɗaure. Da rana ta je ƙauyen da ke kusa ta sayi burodi da kwalbar zuma da za ta kai wa jikokinta, ta tambayi mai shagon wace hanya ce ta fi kyau zuwa arewa, don jibi take son kama hanya.