Ɗingishin Kaka

A asibiti, mai ɗaukar hoton ƙashi ta shafa wa jaririyar wani mai mai sanyi a ƙugu, ta ɗora kan na'urar. A allon, ban da toka-toka da baƙi-baƙi, Kaka ba ta ga komai ba. Rakiya kawai ta yo, don 'yarta ta nace wai cinyar yarinyar ɗaya ta fi ɗaya tattara.

Shekara sittin da ɗoriya ke nan Kaka tana ɗingishi, kuma kowa a dangi ya san dalili: tana jaririya ta suɓuce daga bayan yayarta. Yaya ta sha dukan kawo wuƙa, aka laƙaba mata Mai-Sakaci, sunan ya bi ta har tsufa. Shi ya sa Kaka ta kafa doka a kan wannan jika 'yar wata biyu: ba mai goya ta. Da hannunta take miƙe mata ƙafafu, ta naɗe su tamau da zane.

Likita ya nuna allon da biro. "Wannan zagayen kan ƙashin cinya ne, wannan kuma gurbinsa. Na dama ya zauna daram. Na hagu gurbin bai yi zurfi ba, ƙashin yana zamewa."

"Wa ya yar da ita?" in ji Kaka, tana hararar 'yarta.

"Ba kowa, Mama. Haka ake haihuwar wasu, ya fi yawa a mata, kuma yana bin jini. Kun zo da wuri. Za mu sa mata maɗauri ya buɗe ƙafafun kamar na kwaɗo. Naɗin nan dai a daina, ƙara ture ƙashin yake yi. Goyo ma ya fi mata."

Da Kaka ta miƙe, ya bi tafiyarta da ido. "Ke ma hagun ce?"

"Ni faɗuwa na yi."

"Wa ya gani?"

Kaka ta tuna baya. Ba wanda ya gani. Sai da ta fara tafiya aka lura da ɗingishin, aka nemi mai goyonta. Yaya, 'yar shekara bakwai, ta yi ta rantsuwa. Kunya ta kama Kaka tun daga bakin ƙofar asibiti.

A gida suka tarar da Yaya ta zo jin sakamako, ta zauna can nesa da gadon jaririyar, kamar kullum. Kaka ta miƙa mata yarinyar, haɗe da zanen.

"Goya ta, Yaya."

Yaya ta mayar da hannuwanta baya.

"A'a, ƙanwata. Kin san hannuna."