Takardar Sallamar Dogo

Sista, ma'aikaciyar jinya, tana shanya kayan aikinta a igiyar tsakar gida lokacin da ɗan kwangila ya shigo, hula a hannu, farin fenti har gwiwar wandonsa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya tambayi ɗakin goggon Dogo, aka nuna masa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya faɗi abin da ya kawo shi. Dogo ya faɗo daga kan katakon da masu fenti ke tsayawa, a hawa na uku. Da sauran ransa, an wuce da shi asibiti.

Goggo ta fito da mayafi a baibai tana tambaya ko katakon ne ya karye. Ɗan kwangila ya ce katako lafiyarsa lau. Yaron zama ya yi ya huta, buroshi a hannu, sai na ƙasa suka ga kansa yana rinjaya gaba.

"Gyangyaɗi ya yi, Goggo. Da rana tsaka."

Sista ta ji maganar, ta ci gaba da matse rigar da ta riga ta matse.

Shekara biyu ke nan da zuwan Dogo gidan. Gidan haya ne mai ɗaki shida da famfo ɗaya, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da na Sista. Ambaliya ce ta ci unguwarsu, ta tafi da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu. Ƙaramin, a hannunsa ruwa ya ƙwace shi. Yana da shekara goma sha takwas a lokacin. Ƙanwar mahaifinsa ta ɗauko shi, ta kama masa ɗakin da ke kusa da nata, ya yi wata biyu ba mai jin muryarsa.

Sista ce da kanta ta sa sunansa a sashen asibitin da take aiki, inda ake kula da matasan da suka ga tashin hankali. Likitan sashen yana da bayani ɗaya da yake yi wa duk sabon zuwa. Yakan ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da bai kai kan yatsa ba, aikinsa gadi. In mutum ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, maigadin nan sai ya ƙi zama, ya yi ta buga ƙararrawa ko babu ɓarawo. Gaban ƙwaƙwalwa ne ke ce masa ya zauna, shi kuma ba a gama gina shi sai mutum ya haura shekara ashirin. Shi ya sa abin ke kama matashi da ƙarfi, shi ya sa kuma ya fi saurin gyaruwa in an tsaya masa. Likita yakan rufe da cewa kada a duba fuska, a tambayi barci.

Gurbi arba'in ne a sashen, masu jira sun fi ɗari. Duk wata uku ana cike wa kowa takarda mai tambaya goma sha biyu, wanda ya ci maki mai kyau a sallame shi a ba wani wurinsa. Ƙa'idar ita ce a yi tambayoyin a ɗaki, ƙofa a rufe, kuma mai tambayar ya zama wanda bai san yaron a gida ba.

Ranar da za a rufe karɓar takardu, abokiyar aikinta da ya kamata ta yi masa tambayoyin tana hutun haihuwa, Dogo kuma ya samu aikin fenti bai zo ba. Sista ta duba agogo, ta duba takardar. Ai ta san shi. Kullum da safe tana jin waƙarsa a bakin famfo. Shi ne mai ɗaukar wa tsofaffin gidan bokiti, shi ne mai ce mata Uwar Allura, yana cewa ko gaisuwarta da zafi take shiga. Ya yi ƙiba, ya koyi sana'a. Ta cike tambayoyin cikin minti biyar. Ta huɗu tana cewa: kana samun barci? Ta sa e. Bayan mako biyu aka ba shi takardar sallama. Wata biyar ke nan.

A asibiti an kwantar da shi a gado na ƙarshe, kusa da taga. Ƙugu ya karye, jini kuma ya taru a ka. Ba sashenta ba ne, amma da ta samu sarari sai ta leƙa. Goggo na zaune a kan tabarma tana yi masa fifita da kwali, tana ba da labari ba tare da an tambaye ta ba. Ta ce tun da ya zo bai taɓa haɗa awa biyu yana barci ba. In ya rufe ido ruwa yake ji. Sai ya tashi ya goge kayan da ya riga ya goge, ya wanke buroshi, ya jira gari ya waye ya fita famfo. Waƙar nan da ake ji, ta murnar wayewar gari ce. Ta ce ta sha ce masa ya koma wurin Likita, shi kuma ya ce sun auna shi sun ce ya warke, wurin na wani ne yanzu.

Rana ta biyu ya farfaɗo na ɗan lokaci. Ya ga farar riga a kansa, ya gane ta.

"Uwar Allura. Yau dai kin same ni a kwance."

Ta ce ya yi shiru, kada ya wahalar da kansa. Ya ce Goggo ta kai ƙararsa, ko? Ta ce me ya hana shi faɗa mata, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu.

"Ku da kuka yi karatun abin kun ce na ci jarrabawa," ya ce. "Sai na ce to, ni ne ban iya warkewa ba. Kunya ta hana ni."

Ta gyara masa robar ƙarin ruwa, wadda ba ta buƙatar gyara. Ya koma barcin da ba na hutu ba. Washegari da hantsi ya cika, Goggo na riƙe da ƙafarsa.

Mutane sun cika tsakar gida kwana uku. Duk wanda ya zo ta'aziyya, Goggo sai ta nuna masa Sista ta ce ga wadda ta tsaya wa yaron nan, ko uwarsa iyakar abin da za ta yi ke nan. Sista tana amsa addu'a, tana zuba wa baƙi ruwa.

Da ta koma aiki, ta tarar da fayil ɗinsa a buɗe a teburin Likita. Ya ce ya karanta sau biyu. Maki cikakke, barci lafiya, babu inda takarda ta nuna matsala. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce wani lokacin haɗari haɗari ne kawai, kada ta sa abin a ranta. Ya miƙa hannu zai rufe fayil ɗin. Da ta yi shiru, da shi ke nan.

"Likita, ba a tambaye shi ba. Ni na cike ta, ba ya nan."

Ya daɗe yana kallon sa hannunta a ƙasan takardar. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ta ko akwai wata irinta, ta ce ita kaɗai ce. Ya ce dole ya rubuta wa hukumar asibiti, ta je gida sai an neme ta. Ta ce ta sani. Ta ajiye makullin kabad ɗinta a kan tebur ta fita. A hanya ta lura cewa wannan ce mai sauƙin, saura Goggo.

Ta samu Goggo a ɗakin Dogo tana haɗa kaya. Mai gidan hayar ya ce akwai wanda zai shiga ƙarshen wata. Goggo ta ce ta zo a daidai, ta kama mata katifa su fitar, za ta shanya ta kafin ta ba ɗan mai shara.

Suka yaye zanin gado. Katifar shekara biyu ce, amma har yanzu da ledar shago a jikinta, tsakiyarta a miƙe kamar jiya aka kawo ta. Gefe ɗaya ne kawai ya lotsa, daidai faɗin zaman mutum, wajen da ke fuskantar ƙofa.

Sista ta kama ɓangarenta, ba ta ɗaga ba. A tsaye a haka ta faɗa wa Goggo komai, da ranar, da minti biyar ɗin, da tambaya ta huɗu. Ba ta kawo maganar hutun haihuwa ba, ba ta kawo ta masu jira ba.

Goggo ba ta saki nata ɓangaren ba. Ta dube ta, ta dubi bangon da ke tsakanin ɗakin Dogo da na Sista.

"Ni ma da nake jin motsinsa, ban taka na je wurin Likita ba," ta ce. Sannan ta ƙara, "Ba yau zan iya ce miki komai ba. Ɗaga, rana za ta wuce."

Suka fito da ita a karkace saboda ƙofar ƙarama ce, suka jingina ta da katanga inda rana ta fi bugawa. Goggo ta koma ciki ta saki labule. Sista ta tsaya a wurin. Wata kazar maƙwabta ta zo ta zagaya katifar, ta samu inuwa a ƙarƙashinta, ta kwanta ta lumshe ido.